Asalin sunan Lewandowski da dalilin da ya sa matarsa take Lewandowska

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce musu ne ya kaure a gidan kallon ƙwallon unguwarku ranar wasan Basalona, wani ya rantse ma'anar sunan Robert Lewandowski, ɗan ƙwallon nan na Polan, zaki ne, wani ya ce a'a sunan Yahudawa ne daga zuriyar Lawi ɗan Annabi Yakubu, kai kuma abinda ya fi ɗaure maka kai shine ka ga ana rubuta sunan matarsa Lewandowska da "a" a ƙarshe, shin kuskuren 'yan jarida ne ko kuwa. Toh gaskiya naji daɗin tambayar nan sosai, don na zauna a Warso babban birnin Polan shekaru ina karatun harsuna kuma sunayen mutanen ƙasar nan shine ɓangaren da ya fi jan hankalina, saboda haka ka gyara zama, amsar tana da ɗan tsawo.

Mu fara da yadda ake faɗinsa tukuna don daga nan ake fara ɓata. A rubutun Polan harafin W ba "wa" ɗinmu bane, sautin V ne irin na Turanci, wanda mu Hausawa bamu dashi sai mu maida shi B ko F. Sannan W ta biyu ɗin da take gaban S tana sassautawa ta koma F. Kenan su abinda suke cewa shine Le-van-DOF-ski, nauyin muryar yana kan "dof", domin a yarensu kusan kowace kalma gaɓar kusa da ƙarshe ce ake dannawa. Mu kuma a gida Lewandoski muke cewa, ba laifi bane, kowa da bakinsa, amma in ka haɗu da ɗan Polan ka ce Lefandofski zai fi saurin ganewa.

Yanzu ka ɗauki sunan ka yanka shi gida uku: lewand, ow, ski. Guntun farko daga tsohuwar kalmarsu ce "lewanda", wadda yau suke cewa "lawenda", wato tsiron nan mai ƙamshi da ake kira lafanda, kana ganin hotonsa a jikin sabulu da turaren fesawa da man shafawa, ganye sirara, fure shunayya a jere kamar zangarniya. Asalin tsiron ba na Polan bane, na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne inda ake da rana, kalmar ma aro ce da ta samo tushe daga Latin da Italiyanci, kuma da yawa cikin masana suna danganta ta da kalmar wanki ta Latin saboda ana sa shi a ruwan wanka da cikin tufafi. Guntu na biyu, "ow", shine abinda suke liƙawa kalma ta zama sunan wuri, ma'anarsa kamar "na wane" ko "wurin kaza", shi yasa garuruwansu da yawa suke ƙarewa da shi, Kraków, Tarnów, Rzeszów. In ka haɗa lewanda da shi sai ka samu Lewandów, kuma akwai wuri mai wannan sunan, yau unguwa ce a gundumar Białołęka a arewa maso gabashin Warso. Guntu na uku, "ski", shi yake maida sunan wuri ya zama siffar mutum, wato mutumin wurin. Lewandowski kenan: mutumin Lewandów, na wurin lafanda.

Kuma wallahi wannan tsarin ba baƙo bane a wurinmu. Rimi itace ce, aka samu gari aka sa masa Rimi, aka samu ɗan garin ya zama gwamnan Kano a 1979 duk duniya ta san shi da Abubakar Rimi. Daga itace zuwa gari, daga gari zuwa mutum. Haka Kurna, haka Tsamiya, haka Giginya, haka Marke. Bambancin kawai mu muna ɗaukar sunan garin yadda yake mu ajiye bayan sunan yanka kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari ko Sa'adu Zungur, ko mu sa "Ba" a gaba mu ce Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, su kuma wutsiya suke liƙawa a baya. In kana son ka ji ɗanɗanon "ski" a kunnen ɗan Polan to ka tuna "Ba" ɗin nan tamu, kusan aiki ɗaya suke yi.

Toh maganar zaki fa? Wanda ya faɗi haka ba daga iska ya ɗauko ba, da gaske ne a yaren Polan zaki "lew" ne, kuma akwai sunaye da suka fito daga nan ko daga sunan yanka Lew, irin su Lewek da Lewczuk. Amma akwai matsala biyu. Ta farko, in ka ce lew ne tushen to ina zaka kai "and" ɗin da ke tsakiya? Babu wata wutsiya a nahawunsu da take bada wannan. Ta biyu kuma ita ce ta fi ƙarfi, kalmar lew in an sarrafa ta wasalin E ɗin faɗuwa yake, "na zaki" lwi ne, zakuna lwy ne, birnin nan na Yukren da ake kira Lviv su Lwów suke ce masa, daga sunan wani yarima Lew, kuma mutumin birnin Lwowski ne ba Lewowski ba. Kaga in da daga zaki aka gina sunan da ba haka zai fito ba. Abinda ke ƙara rikita mutane shine laƙabin da ake kiransa dashi, Lewy, wannan yanke sunan kawai aka yi don sauƙi kamar yadda muke maida Abdullahi Audu, amma kalmar lewy da kanta a yarensu tana nufin hagu, shi kuwa mutumin da ƙafar dama ya fi bugu.

Maganar Yahudawa kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba ta inda abokinka ya ɗauka ba. Sunayen da suka fito kai tsaye daga Lawi sune irin su Lewi, Lewin, Lewinson. Lewandowski tushensa na Polan ne. Sai dai Yahudawan Polan, waɗanda kafin yaƙin duniya na biyu sun haura miliyan 3, sun daɗe basa amfani da sunan iyali na dindindin, wane ɗan wane suke yi irin namu, sai hukumomi suka tilasta musu, Ostiriya ta kafa dokar a 1787, a yankin da ke ƙarƙashin Rasha mai hedikwata a Warso aka yi a 1821, sai kowa ya nemi suna, wasu suka ɗauki sunayen maƙwabtansu Kiristoci, kuma ba abin mamaki bane wanda yake jingina kansa da Lawi ya zaɓi suna mai fara da "Lew". Shi yasa zaka samu Bayahude mai wannan sunan, fitaccensu Louis Lewandowski, an haife shi a 1821 a garin Września ya rasu a Balin a 1894, shahararre ne wajen tsara waƙoƙin ibada na majami'ar Yahudawa. Amma mafi yawan masu sunan nesa ba kusa ba Katolika ne, shi ma Robert ɗin Katolika ne kuma baya ɓoyewa.

Yanzu bari in zo inda nafi so ka riƙe, don nan ne mutane suke yawan zamewa, har su 'yan Polan ɗin da ke Amurka. Zaka ji ana cewa duk mai "ski" jinin sarauta ne. A farko akwai gaskiya a ciki. A zamanin da Polan tana da wani aji na masu ƙasa da dawaki da ake kira szlachta, ana faɗinsa shlahta, sune masu gonaki da ƙauyuka, sune suke zaɓen sarki, kuma suna da yawa fiye da na sauran Turai, ana ƙiyasta tsakanin kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na jama'a. A da in za a ambaci ɗayansu sai a ce Jan z Tarnowa, wato Jan na Tarnów, garin da ya mallaka kenan, daga baya wajen ƙarni na 15 zuwa na 16 aka dunƙule aka koma Jan Tarnowski. A lokacin sunan ma ba a kafe yake ba, in mutum ya sayar da ƙauyen ya sayi wani sunan yana iya canjawa, wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya kowa da nasa sunan saboda kowa da ƙauyen da ya gada. Toh amma ka san halin ɗan Adam, duk abinda manya suka sa ƙanana zasu so shi. Da "ski" ta zama alamar girma sai 'yan kasuwar birni suka fara liƙawa, masu sana'ar hannu suka bi, daga ƙarshe manoma talakawa waɗanda suke zaune a ƙasar ubangida suna yi masa noman dole suma suka samu, wani shi ya zaɓa, wani limamin coci ne ya rubuta masa a littafin baftisma, wani kuwa ba mallakar ƙauyen yayi ba daga can ya taso kawai aka kira shi da sunan. Maƙeri a yarensu kowal ne, jikan maƙeri ya wayi gari Kowalski, suna mai kama da na masu dawaki alhali zuga-zugi da uwar maƙera ne gadon gidan.

Lissafi ma kaɗai ya isa ya nuna maka. Sunan Lewandowski an fara ganinsa a rubuce a 1673, akwai kuma wani mai kama dashi, Lavendowski, tun 1608 wanda ake ganin shine dai da wani rubutun. Yau shine na 7 cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar, a ƙidayar 2009 mutum 93,404 ne suke ɗauke dashi. Ta yaya ɗan wuri guda a gefen Warso zai haifi mutum dubu casa'in da ɗoriya? Bazai yiwu ba. Kuma abin da ya fi wannan, inda sunan ya fi taruwa ba Warso bane, jihar Kujawsko-Pomorskie ce a arewa ta tsakiya, wajen Bydgoszcz da Toruń da Włocławek, a can shine sunan da ya fi kowane yawa, sama da mutum 1 cikin 100. Shi yasa a ganina, kuma masana sunaye da yawa sun tafi a kan haka, ba tushe ɗaya bane, gidaje daban daban ne da basu san juna ba suka ɗauki sunan a lokuta daban daban, wasu daga sunan wuri, wasu kai tsaye daga tsiron aka ƙara "owski" don ya yi daɗin ji ya yi kama da na manya, kuma sunan fure mai ƙamshi ai ba wanda zai ƙi. An samu gidan szlachta mai wannan sunan da tambarinsu na gado, amma wannan bai maida sauran dubban dangin su ba. Ita kanta sarautar gadon tsarin mulkin 1921 ya soke gatanta gaba ɗaya. Saboda haka Robert da Mariusz Lewandowski wanda ya ci kofin UEFA da Shakhtar a 2009, da Marcin Lewandowski ɗan tseren mita 800, da Janusz Lewandowski da ya riƙe kwamishinan kasafin kuɗi na Tarayyar Turai daga 2010 zuwa 2014, suna ne ya haɗa su, kamar yadda ba duk mai amsa Katsina bane ɗan gidan Dikko.

Mutumin da ya fi kowa wahala a kan wannan fannin shine Farfesa Kazimierz Rymut na Kraków, shi ya tattara sunayen iyalin duk ƙasar daga rijistar gwamnati ya fitar da kundi mai juzu'i 10 a farkon shekarun 1990, da adadin masu kowane suna a kowace jiha. Duk wanda kaji yana maganar suna kaza mutum kaza a Polan to a kan aikinsa ya tsaya ko a kan rijistar PESEL, wato lambar ɗan ƙasa tasu irin NIN ɗinmu.

Sai maganar matarsa. Ba kuskure bane ko kaɗan, kuma nan ne Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa, domin mu ma yarenmu yana raba namiji da mace. Muna cewa Bakano da Bakanuwa da Kanawa, fari da fara da farare. Tunda na gaya maka sunan siffa ce, dole ya bi jinsin mai shi: namiji Lewandowski, mace Lewandowska, in an haɗa su miji da mata ko iyali gaba ɗaya Lewandowscy. Matar Robert, Anna, 'yar wasan karate ce, kafin aurensu a 2013 sunanta Stachurska, wato mahaifinta Stachurski, da ta ɗauki sunan miji sai ta ɗauke shi a siffar mace. 'Ya'ya mata ma haka, uba ski 'ya ska, a fasfo da takardar haihuwa da komai. Marie Curie da ta ci kyautar Nobel sau biyu, 1903 da 1911, a gidansu Maria Skłodowska ce, babanta Skłodowski. Ni kaina sai da na ci karo da abin kafin ya zauna min, watannin farko da na je na rubuta wa matar da nake haya a gidanta 'yar takarda na sa Pani, wato Malama ko Hajiya, sannan na kwafi sunan yadda na gani a jikin akwatin wasiƙa wanda ashe na marigayi mijinta ne mai ƙarewa da ski. Da yamma ta hau bene da takardar a hannu da biro, dattijuwa ce mai furfura, ta zauna ta ja layi a kan "i" ɗin ta rubuta "a" a sama, ta nuna hoton mijin a bango ta ce ski, ta dafa ƙirjinta ta ce ska, ta sa na maimaita sau uku. Ban sake mantawa ba, kuma a ranar na gane a kunnensu kiran mace da ski daidai yake da ka ce wa Hajiya "shi".

Bai ma tsaya nan ba. Yarensu yana canja ƙarshen suna gwargwadon aikin da yake yi a jimla, hali bakwai suke dashi. In ka buɗe jaridar wasanninsu zaka ga "gol Lewandowskiego", wato ƙwallon Lewandowski, in an ba shi abu Lewandowskiemu, in ana tare dashi z Lewandowskim. Duk mutum ɗaya ne. A maƙabartarsu nafi ganin abin da kyau, ranar 1 ga Nuwamba suke ziyarar kaburbura ƙasar gaba ɗaya, na bi wani abokin karatu muka je da magariba, sanyi kamar ya tsaga kunne, ko'ina fitilun kyandir a cikin kwalaben gilashi ja da ruwan ɗorawa har ba ka buƙatar tocila, a kan dutse ɗaya sai ka karanta sunan gidan a sama yana ƙarewa da "skich" wato na su wane, a ƙasa miji ski, mata ska, sunan ɗaya siffa uku. Waɗannan fitilun znicz ake ce musu, kalmar tana nufin wutar da ake kunnawa ta tunawa ko ta girmamawa, kuma ita ce a sunan Znicz Pruszków, ƙungiyar da Robert ya fara yin suna kafin Lech Poznań ta ɗauke shi a 2008, Dortmund a 2010, Bayern a 2014, Basalona a 2022.

Sunayen da ba siffa ba su basa canjawa a takardun hukuma yanzu, Nowak namiji Nowak mace. A da ana cewa Nowakowa ga matar Nowak, Nowakówna ga 'yarsa budurwa, har yanzu zaka ji tsofaffi suna faɗa a ƙauye amma ya ja baya. Kuma ɗaukar sunan miji ba dole bane a dokarsu, mace tana iya riƙe nata, tana iya haɗa biyun da ɗan layi a tsakani, mijin ma yana iya ɗaukar na matar, sai dai al'ada ta fi karkata ga ɗaukar na miji, saɓanin mu da mace take ci gaba da amsa sunan mahaifinta.

Toh me yasa wani lokaci zaka ga mace da ski, ko ka ga an rubuta Levandovsky ko Lewandowsky? Wannan tarihi ne mai ɗaci. An yi wa Polan rabon nama sau uku, 1772, 1793, 1795, Rasha da Furushiya, wato tsohuwar masarautar Jamusawa, da Ostiriya suka raba ta, ta ɓace daga taswira shekara 123 sai 1918 ta dawo. A tsawon lokacin nan magatakardan Rasha yana rubuta sunan mutum da baƙaƙen Rasha, na Jamus yana rubutawa da ƙa'idar Jamusanci, in aka sake juyo shi zuwa boko sai W ta koma V, I ta koma Y. A Lituweniya sunan ya zama Levandauskas. Sannan talauci ya kori mutane da yawa, wasu suka tafi haƙar kwal a yankin Ruhr na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, inda Dortmund da Schalke suke, shi yasa Jamusawa masu sunan Polan suka cika wurin, Sascha Lewandowski da ya horar da Leverkusen haifaffen Dortmund ne. Wasu suka tsallaka Amurka, Shikago ta zama kamar garinsu na biyu. Can kuma Turanci bai san siffar mace da namiji ba, sunan uba ake kwafa wa kowa yadda yake, sai ski ta daskare. Misalin da yafi burge ni shine Gina Lewandowski, Ba'amurkiya 'yar ƙwallo, ta buga wa ƙungiyar mata ta Bayern daga 2012 zuwa 2019, wato shekara biyar suna kulob ɗaya da Robert, suna ɗaya, ba dangi ba, ita mace amma da ski saboda kakanninta sun bar gida tuntuni. Da a Polan aka haife ta Lewandowska za a rubuta.

Tunda ga ƙwallo kuka taso bari in ƙara muku wasu, don sunayen nan in ka fassara su sai kaji kamar a unguwarku ake. Nowak da ya fi kowane yawa, wajen mutum dubu 200, daga nowy ne wato sabo, wanda ya zo gari daga baya, Baƙo ko Sabo kenan. Kowalski na biyu ka riga ka ji, kuma shi suke amfani dashi in suna son cewa wane, Jan Kowalski, mutumin kan titi. Kowalczyk ɗan maƙeri ko yaron maƙera. Wiśniewski daga wata itaciya mai 'ya'ya ja ƙanana. Wójcik daga wójt, mai gari ko dagaci, kenan ɗan dagaci. Kamiński daga kamień, dutse. Zieliński na Napoli da Inter daga tushen kore da ganye. Woźniak daga woźny, ma'aikacin kotu mai kai sammaci, kuma shine sunan Steve Wozniak da suka kafa Apple. Szczęsny mai tsaron gida tsohuwar kalma ce mai nufin mai sa'a, Sa'adu ko Sa'idu kenan in ka so. Piątek da ya buga wa Milan ma'anarsa Juma'a, Ɗanjuma sak. Jerzy Dudek kuwa, wanda ya tsare wa Liverpool fenareti a Istambul a 2005, dudek tsuntsu ne, alhudahuda. Masu ƙarewa da "wicz" kuma ɗan wane ne, sun fi yawa a gabas wajen Lituweniya da Belarus, irin wannan ne sunan Farfesa Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso wanda ya yi shekaru yana nazarin rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru na Kete Krachi a Gana, eh, a Warso ana koyar da Hausa tun shekaru da dama, Farfesa Nina Pawlak ma a can ta koyar, ita kuma sunanta daga Paweł ne wato Bulus, "ak" ɗin ma ɗan wane take nufi.

Abinda ya raba mu dasu a nan shine su sunan ya kafe tun ɗaruruwan shekaru, mu namu yana tafiya. Kai kana amsa sunan babanka, ɗanka zai amsa naka, bayan hawa uku sunan kaka ya fita daga takarda sai dai a baki. Su kuwa tun da majalisar cocin Katolika ta Trent ta wajabta rubuta baftisma da aure a 1563, sannan aka kawo rijistar gwamnati a yankin Warso a 1808 zamanin Napoleon, duk abinda aka rubuta wa kaka shi jika zai ɗauka ko ya dace dashi ko bai dace ba. Kowalski na yau likita ne bai taɓa riƙe guduma ba, Piątek ba lallai ranar Juma'a aka haife shi ba, Lewandowski kuma wataƙila bai taɓa shuka lafanda ko a tukunya ba.

Shi yasa in wani a gidan kallon ya ce to daga wane ƙauye kakannin Robert suka fito, ko masu dawaki ne ko manoma, ka gaya masa sunan kaɗai baya bada wannan amsar. Shi dai an haife shi a Warso ranar 21 ga Agusta 1988, ya tashi a Leszno, ƙaramin gari a yamma da birnin, babansa ɗan wasan judo mamansa 'yar ƙwallon raga. Wanda yake son ya wuce nan sai ya bi littattafan coci ɗaya bayan ɗaya, takardar haihuwar uba ta kai ka ga auren kaka, auren kaka ya faɗa maka cocin da aka yi masa baftisma da sana'ar babansa, haka haka har inda takarda ta ƙare, kuma da yawa sun ƙone a yaƙi musamman na Warso a 1944. Ƙungiyar masu binciken asali ta Polan ta ɗora miliyoyin irin waɗannan bayanan a intanet kyauta a wani rumbu da ake kira Geneteka, in ka shiga ka rubuta sunan ka gwada da W ka gwada da V, ka gwada ski ka gwada ska, kuma ka zaɓi jiha tukuna, don in ka fara da Kujawsko-Pomorskie shafukan da zasu fito maka sai datarka ta ƙare baka gama ba.